Babi na Biyar: Jinin da Ya Ƙi Tsayawa da Jinin da Ya Ƙi Gudu

"Likita, ranar Litinin kun ce mana jinin yaron nan ba ya tsayawa, har kuka sa muka tara 'yan uwa aka ɗebi nasu. Yau kuma kun ce jini ya daskare masa a ƙafa. To wanne za mu kama?" Duk wanda ya taɓa zaman jinyar mai sankarar jini ya san wannan tambaya, ko an furta ta ko an bar ta a ciki. Mai yin ta kuwa bai yi laifi ba, domin abin da hankali ya saba da shi shi ne jini ko dai ya tsinke ko ya yi kauri, ba duka biyun a jiki ɗaya cikin mako ɗaya ba. In ba a sami wanda ya zauna ya warware wa dangi wannan ƙulli ba, zargi ne ke biyo baya. Wasu su ce likitocin lalube suke yi, wasu su ce ai dama ciwon ba na asibiti ba ne, jifa ne. Kafin a ankara an nemi sallama, an ɗauki majinyaci an koma da shi ƙauye, Kademi ko Toranke, a daidai kwanakin da ya fi bukatar a sa masa ido.

Likitan bai yi tufka da warwara ba. Zuba da daskarewa daga tushe ɗaya suke fitowa, wato lalacewar tsarin da ke daidaita jini, kuma a wani nau'in cutar daskarewar ce ma ke jawo zubar. Wannan rikicewa na cikin manyan abubuwa biyu da ke saurin kashe mai sankarar jini mai kamun gaggawa, kuma ta fi yin ɓarna a kwanakin farko, lokacin da majinyaci yana gida, ko yana hannun mai kemis, ko yana kan hanya. Ke nan abin da iyali da ma'aikacin ƙaramin asibiti za su iya yi ya fi yadda suke zato nesa ba kusa ba.

Yadda jini ke tsayar da kansa

Babban mutum na ɗauke da jini kimanin lita 5, kuma ana bukatar jinin nan ya cika sharuɗɗa biyu: ya zauna ruwa muddin yana cikin jijiya, ya kuma daskare cikin 'yan mintuna da zarar jijiya ta fashe. Mai yankan ciyawa da lauje ya shafce shi a yatsa yakan danne wurin ne kawai, jim kaɗan jinin ya tsaya ya koma bakin aikinsa. A cikin wannan ɗan lokaci abubuwa uku sun faru. Jijiyar da ta yanke ta tsuke bakinta. Wasu ƙananan ƙwayoyi da ke yawo a cikin jini, waɗanda ma'aikatan asibiti ke kira filetilet, sun taru a bakin raunin sun manne da juna. Sannan wasu sinadarai da hanta ke ƙerawa sun tayar da juna ɗaya bayan ɗaya, har suka samar da zare mai ƙarfi da ya ɗaure ƙwayoyin wuri guda, gudan jini ya kafu.

Da a ce aikin ya tsaya a nan, da ƙaramin yanka ya isa ya daskarar da jinin hannu gaba ɗaya. Shi ya sa jiki ke da wasu sinadaran na daban da ke taka wa daskarewa birki don kada ta wuce bakin rauni, da kuma wasu da ke narkar da gudan jinin bayan wurin ya warke. Lafiyar jini ta rataya ne a kan daidaiton waɗannan ɓangarori. In masu daskarwa suka yi ƙaranci, jini ya zuba. In masu hanawa suka yi ƙaranci, jini ya daskare inda ba rauni. Sankarar jini da magungunanta na iya taɓa kowane ɓangare, wani lokaci ma duka a tare.

Lokacin da ɓargo ya daina aikinsa

A cikin ɓargon ƙashi ake ƙera filetilet, kimanin biliyan 100 a kowace rana, domin kowace ƙwaya kwana 7 zuwa 10 kawai take yi ta mutu. Ƙwayoyin sankara na hayayyafa a cikin ɓargon har su cinye wurin, sai ƙirar filetilet ta ragu, kuma da yake ba su da tsawon rai, raguwar ba ta ɗaukar lokaci kafin ta bayyana. Mai lafiya na da tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a ma'aunin da ɗakin gwaji ke amfani da shi, ko da yake a takardar sakamako akan yar da sifili ukun a rubuta 150 zuwa 450. In adadin ya faɗi ƙasa da 50, rauni ko tiyata na iya jawo zubar da ta wuce kima. In ya faɗi ƙasa da 10 kuwa, jini na iya ɓallewa da kansa, ba yanka ba buguwa, har a cikin ƙwaƙwalwa.

Alamun na nan a fili ga wanda ya san abin da yake nema. Asuwaki ya fito ja kullum safiya, a kuma tarar da tabon jini a matashin kai saboda dasashi ya kwana yana tsattsafowa. Haɓo ya ɓalle a danne hanci minti 15 bai tsaya ba. Ƙananan ɗige-ɗige kamar tsinin allura su fito a ƙwauri da idon sawu, ba ƙaiƙayi ba tudu, kuma ko an danna su ba sa gushewa. A baƙar fata suna da wuyar gani, don haka a buɗe leɓen ƙasa a duba cikinsa, a duba ganɗa da farin ido. Mace ta ga al'adarta ta wuce kwanakinta tana zuba da gudaji, kunya kuma ta hana ta faɗa wa kowa. Bayan gida ya koma baƙi ƙirin, ko fitsari ya yi ja, wanda a garuruwan da ke kusa da fadama nan take za a ce tsargiya ce.

Alaƙar adadin filetilet da zubar jini ba hasashe ba ce. A ƙarshen shekarun 1950 zubar jini na kan gaba wajen kashe yara masu wannan cuta a Amurka. Likita Emil Freireich da abokan aikinsa a cibiyar binciken sankara ta ƙasar suka nuna, a wani bincike da aka buga a 1962, cewa haɗarin na ƙaruwa ne daidai yadda adadin ke sauka, suka kuma nuna cewa ƙarin filetilet na tsayar da zubar. Wannan ne ya ba yaran damar rayuwa har maganin sankarar ya sami lokacin yin aiki.

Darasi daga saran kububuwa

Ƙarancin filetilet ya bayyana zuba, amma bai bayyana yadda daskarewa ke haifar da zuba ba. Manoman Arewa sun san wani abu da ya bayyana shi sarai. Wanda kububuwa ta sara yakan wayi gari dasashinsa na jini, tsofaffin miki su dawo ɗanye, in an ɗebi jininsa an zuba a kwalba ya yi minti 20 yana nan ruwa. Mutum zai ɗauka dafin tsinka jini yake yi. Binciken da likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ciki har da David Warrell, suka yi a shekarun 1970 ya taimaka wajen fito da ainihin abin da ke faruwa: dafin na tayar da sinadaran daskarwa ne gaba ɗaya a ko'ina cikin jiki, su yi ta aiki a banza har su ƙare. Sa'ad da aka zo bukatarsu a wurin rauni na gaske, babu saura. Har gobe wannan ne ke kai mutane asibitin saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe.

Irin wannan ke faruwa a wasu masu sankarar jini, sai dai abin da ke tayar da fitinar daga cikin jiki yake. Ya fi tsanani a nau'in da likitoci ke kira APL, wanda ke kama kusan ɗaya cikin goma na masu sankarar ɓargo mai kamun gaggawa da ake kira AML, kuma ba ya barin matasa da magidanta masu ƙarfi a jika. Ƙwayoyin APL na ɗauke da sinadarin da ke kunna daskarewa, don haka ƙananan gudaji su yi ta kafuwa a siraran jijiyoyin ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwa, suna cinye sinadarai da 'yan filetilet ɗin da suka rage. A lokaci guda kuma ƙwayoyin na ƙara wa tsarin narkar da gudan jini ƙarfi, sai ya zama ko gudan kirki ya kafu a bakin rauni ba ya daɗewa. Mutum ɗaya, a rana ɗaya, jijiyarsa ta toshe a can, jini na zuba a nan. Tsananin kamuwa da ƙwayoyin cuta a jini ma na iya tayar da irin wannan rikici a kowane nau'in sankarar.

Ta ina gudan jini ke shigowa

Likitan Jamus Rudolf Virchow, wanda ya bayyana sankarar jini a 1845 ya kuma raɗa mata suna a 1847, shi ne kuma ya nuna cewa gudan jini kan ɓalle daga jijiyar ƙafa ya bi jini ya je ya toshe huhu. Har yau da sunansa ake koyar da dalilai uku na daskarewa: jini ya rage gudu, bangon jijiya ya ji rauni, ko haɗin jinin kansa ya sauya. A 1865 kuma likitan Faransa Armand Trousseau ya ja hankali ga yadda gudan jini ke bin masu sankara. Mai sankarar jini na iya haɗa dalilan nan uku a gado ɗaya. Yana kwance kwana da kwanaki ba ya motsi, ga amai da zazzaɓi sun ƙarar masa da ruwan jiki, balle a zafin bazara. An sa masa doguwar roba a babbar jijiya don ba shi magani, ita kuma tana gogar bangon jijiyar. Ga cutar ta riga ta sauya haɗin jinin.

Akwai kuma toshewar da yawan ƙwayoyin sankarar ke jawowa. Fararen ƙwayoyin jini a mai lafiya tsakanin 4,000 ne zuwa 11,000. A wasu majinyata sukan haura 100,000, su cushe a siraran jijiyoyin huhu da ƙwaƙwalwa, sai numfashi ya yi wuya, gani ya dushe, hankali ya rikice. Sai kuma magani. A nau'in ALL, wanda ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 5, akwai wata allura mai suna asfarajines da ke hana ƙwayoyin sankara wani abincin da ba sa iya yi wa kansu. Tana aiki ƙwarai, amma tana rage sinadaran da hanta ke ƙerawa, har da masu taka wa daskarewa birki, kuma haɗa ta da magunguna irin su firednisolon na ƙara haɗarin. Binciken da ya tattara sakamakon yara da yawa ya nuna kimanin 5 cikin 100 kan sami gudan jini mai nuna alama a lokacin jinya, galibi a jijiyoyin kai ko a inda aka sa roba.

Alamun daskarewa su ne ƙafa ɗaya ko hannu ɗaya ya kumbura ya yi zafi, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya da ciwon ƙirji, ko ciwon kai mai tsanani da amai da jijjiga da shanyewar ɓarin jiki. A lura da waɗannan na ƙarshe, domin alamun zubar jini a ƙwaƙwalwa ma su ke nan. Ko ƙwararren likita ba ya iya bambance su da ido sai da hoton kai da gwajin jini, maganin ɗaya kuwa guba ne ga ɗayan. Hatta in an tabbatar gudan jini ne, sai an duba filetilet kafin a yi allurar tsinka jini irin ta hefarin: a sama da 50 akan ba da cikakken awo, in ya sauka a rage, in ya yi ƙasa ƙwarai a dakata. Lissafi ne da ake sabuntawa kusan kullum, kuma ba a yin sa a gida.

Kwanakin farko su ne fagen fama

Tarihin APL ya isa hujja. A 1957 likitan ƙasar Nowe Leif Hillestad ya bayyana ta a majinyata uku, duka jini ya kashe su cikin 'yan makonni, aka kuma daɗe ana ɗaukar ta mafi saurin kisa a dangin cutar. A shekarun 1980 Farfesa Wang Zhenyi na birnin Shanghai a ƙasar Sin ya gwada wani magani na sha mai suna ATRA, wanda ba ya kashe ƙwayoyin, sai dai ya tilasta musu su ƙarasa girma su daina ɓarna. A rahoton da suka buga a 1988, cutar ta lafa a jikin mutum 23 cikin 24. Daga baya aka haɗa shi da wani maganin da likitocin birnin Harbin suka fara amfani da shi, kuma wani babban gwaji da aka buga a 2013 ya nuna fiye da 90 cikin 100 na waɗanda cutarsu ba ta yi tsanani ba suna warkewa. ATRA dangin bitamin A ne, amma ba shi ne ɗan kwanson da ake ɗiga wa yara lokacin rigakafi ba, kuma wancan ba ya maye gurbinsa.

Sai dai wannan adadi na waɗanda suka rayu har magani ya kama su ne. A Suwidin, ƙasar da ba ta rasa asibiti ba ta rasa jini, ƙididdigar 1997 zuwa 2006 ta nuna kusan 3 cikin 10 na masu APL sun mutu a kwana 30 na farko, kuma zubar jini ce kan gaba a dalilan. Wanda ya fi kusa da halinmu shi ne abin da ya faru a Latin Amurka. A da, a Burazil kusan kashi 32 cikin 100 ne ke mutuwa da wuri. Asibitoci a Burazil da Meziko da Cile da Yurugwai suka haɗa kai a kan tsari ɗaya: a ajiye ATRA a kusa, a fara ba da shi da zarar an yi zargin cutar ba sai an jira tabbaci ba, a yi ta ƙarin filetilet da ruwan jini ba ƙaƙƙautawa, likitoci kuma su riƙa tuntuɓar juna a kan kowane majinyaci. Mutuwar farko ta sauko zuwa kashi 15. Ba sabon magani suka ƙirƙiro ba, jinkiri suka rage.

Daga Ajingi zuwa Asibitin Malam

A aza wannan a kan taswirarmu. Mutumin Gafasa ko Balare da ya fara zazzaɓi da kasala zai fara da kemis, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro. In bai ji sauƙi ba a ce taifod ce. In yaro ne mai ciwon ƙashi da ɗashewa a ce sikila. Mako biyu ko uku sun tafi kafin ya isa Babban Asibitin Gaya, daga nan a tura shi ta Wudil zuwa Kano, Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, inda ake da sashen ƙwararru a cututtukan jini. Tafiyar motar ba ta kai ta wuni ba. Abin da ke cin lokaci shi ne kafin wani ya yi tunanin a ƙirga jinin. Gwajin ƙirgen ƙwayoyin jini ba ya cikin masu tsada, kuma madubin da ake duba ƙwayar zazzaɓi da shi ya isa a ga baƙin ƙwayoyi a shafen jini. A APL mai gwaji mai ido zai iya ganin ƙwayoyi cike da ɗige-ɗige masu duhu, wasu da siraran sanduna jajaye a tare a cikinsu. Wannan gani kaɗai ya isa a buga waya Kano kafin mota ta tashi, a kuma rubuta adadin filetilet ɓaro-ɓaro a takardar tura majinyaci.

Isa Kano ba shi ne ƙarshen magana ba, domin sai an sami abin da za a ƙara masa. Ledar jini da aka saba gani ana ajiye ta a firji har mako biyar, amma tana maganin ƙarancin jini ne, ba ta wadatar da mai ƙarancin filetilet. Su filetilet ware su ake yi daban, ruwa ne rawaya-rawaya a 'yar leda, ba a sa su a firji, ana ajiye su a ɗumin digiri 20 zuwa 24 a kan wata na'ura da ke girgiza su dare da rana, kuma kwana 5 kawai suke yi. Awo ɗaya na babban mutum kan ci jinin mutum 4 zuwa 6, sai fa in akwai na'urar da ke tace su daga mutum guda. A Najeriya kuwa yawancin jinin da ake ƙarawa daga dangi yake fitowa ko daga masu sayarwa, wato sai bukata ta taso ake fara nema. Dokar da ta kafa hukumar kula da jini ta ƙasa a 2021 ta nufi gyara wannan, amma doka ba ta ba da jini, mutane ke bayarwa. Namiji mai lafiya na iya bayarwa duk wata uku. Ƙungiyar matasan unguwa ko ta masallaci da ta san rukunin jinin 'ya'yanta ta kuma ajiye lambobin wayarsu ta yi wa garinta tanadin da kuɗi ba sa saya da tsakar dare.

Abin da ba a yi wa irin wannan majinyaci

Kafin a isa asibiti, kiyaye abin da zai ƙara ɓata lamari rabin jinya ne. Asfirin na kashe aikin filetilet har ƙarshen rayuwar ƙwayar, ibufurofen da dikulofenak ma na raunana su, ga kuma cin bangon ciki. Garin Alabukun asfirin ne a cikinsa, haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda kuwa ba wanda ya san abin da ke ciki. Allurar ɗuwawu na iya tara jini a cikin tsoka. Ƙafar da ta kumbura ba a yi mata tausa ko murza, don kada gudan ya ɓalle ya tafi huhu. A ajiye asuwaki mai tauri a koma buroshi mai laushi. A sha ruwa sosai, a riƙa motsa ƙafafu ko da a kwance, kuma in azumi ya kama, marar lafiya na da uzurin da shari'a ta ba shi.

Sai batun wanzami, wanda ke bukatar a yi shi da ladabi. Za a ce ƙaho sunna ne, kuma kakanninmu sun yi shi sun ga amfani. Ba a musa wannan ba. Amma ƙaho da tsaga da sakiya da cire beli da kaciya da cirar haƙori duk sun dogara ne da abu guda da wanzami bai taɓa bukatar ya tambaya ba, wato cewa jini zai tsaya bayan aska ta wuce. Ga wanda filetilet ɗinsa suka ƙare wannan sharaɗi ya faɗi, kuma malamai sun haɗu a kan cewa abin da zai cutar da rai ana barinsa. Wanzamin da ya ga tsagar da ya yi ta ƙi tsayawa, ko ya ga tabon jini a jikin yaron da aka kawo masa kaciya da hunturu, ya ajiye aska ya ce, "Alhaji, a fara kai shi a auna jininsa," ya yi aikin da ya fi ƙahon lada.

Masu ja da wannan magana

Wani zai ce cutar nan ba ta da yawa, zazzaɓin cizon sauro da gudawa da haihuwa sun fi ta kisa a Gaya da Ajingi, don me za a tsorata mutane da kowane haɓo? Gaskiya ne yawancin haɓon hunturu bushewar hanci ce, yawancin zazzaɓi kuma na sauro ne. Ba a ce a ruga Kano da kowane ɗigon jini ba. Abin da ake nema shi ne a lura da haɗuwar alamu: zuba daga wuri fiye da ɗaya, tare da ɗashewa, da zazzaɓin da ya ƙi jin magani. Wanda ya haɗa waɗannan, ko ba sankara ba ce, wata babbar cuta ce, kamar zazzaɓin Lassa ko mutuwar ɓargo ko ciwon hanta, kuma duk gwajin jinin nan ne mafarinsu. Ba a yi asarar kuɗin gwaji ba ko ta wane hali.

Wani kuma zai ce in magani da kansa na jawo gudan jini, ai gara a bar shi. A duba lissafin. Kimanin yara 5 cikin 100 ne ke samun gudan, mafi yawansu kuma ana yi musu magani su ci gaba da jinya. ALL da ba a yi wa magani ba kuwa ba ta barin kowa, a cikin watanni take gamawa, alhali a ƙasashen da ake kammala jinya kusan yara 9 cikin 10 na rayuwa. Abin da ya kamaci iyaye shi ne su san alamun, su faɗa da wuri, ba su gudu da yaro ba. Na uku shi ne mai cewa kuɗin ya fi ƙarfin talaka, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Tsadar gaskiya ce, ba mai musunta sai wanda bai taɓa riƙe takardar magani ba, kuma nauyi ne a kan hukuma ta sa irin su ATRA da filetilet su samu a manyan asibitocinmu a kan kari. Amma jinkiri ba ya rage kuɗi, ƙara shi yake yi, domin wanda aka kawo da ƙafarsa ya fi sauƙin jinya a kan wanda aka kawo jini ya riga ya zuba masa a kai. Yarda da ƙaddara kuwa ba ta taɓa hana Musulmi neman magani ba.

Jini shi ne ɗaya daga cikin haɗurra biyu na makonnin farko. Ɓargon da ya kasa ƙera filetilet ya kuma kasa ƙera fararen ƙwayoyin da ke yaƙar cuta, maganin sankara kuma na ƙara rage su kafin su farfaɗo. A irin wannan jiki zazzaɓin da wani zai sha farasitamol ya kwanta a kansa na iya kisa kafin gari ya waye. Babi na gaba zai duba dalilin haka, da abin da ya kamata mai jinya ya yi a sa'ar farko da jikin majinyaci ya yi zafi, da kuma yadda za a tsare shi daga ƙwayoyin cuta a gidan da ake cin abinci a kwano ɗaya kuma 'yan dubiya ba sa yankewa.